Wanda ya cinye Ghosts 'n Goblins a waya, a ce ya cinye ko kuwa?

Ɗan Ƙofar Soro: Salamu alaikum 'yan zaure. A taya ni murna. Daren jiya na cinye Ghosts 'n Goblins, wancan na Nintendo da kuke ta ba mu labarinsa kuna cewa ba ya cinyuwa. Na kai ƙarshe, na kashe ubangidan nasu, ga hoton na turo. Yaya Baban Ummi, ina tsiren da ka yi alkawari?

Baban Ummi: Wa alaikumus salam. A ajiye maganar tsire tukuna. A me ka buga?

Ɗan Ƙofar Soro: A waya, da emuleta, manhajar nan da ke kwaikwayon injin Nintendo.

Baban Ummi: Ka riƙa yin sebin a hanya, wato ajiye inda ka kai don in ka mutu ka dawo wurin, ko ba ka yi ba? Ka faɗi tsakaninka da Allah.

Ɗan Ƙofar Soro: Na yi mana, Yaya. Ai emuletar ce ta zo da shi, ba ni na ƙirƙira ba.

Baban Ummi: To shi ke nan, ka je ka sayi tsirenka.

Ticha Rafindadi: Ku dakata, tun kafin a kai ga sebin akwai magana. Ƙanena, ka karanta rubutun Turancin da ke jikin hoton da ka turo kuwa? Abin da yake gaya maka shi ne, ɗakin da ka yi faɗan nan ba na gaskiya ba ne, tarko ne aka ɗana maka, ka koma ka ci gaba. Wato zagaye na farko ka gama. Gem ɗin zai mayar da kai maƙabartar nan ta farko, ka sake bin duk matakai shidan, ka sake kashe ubangidan nasu Astaroth, sannan ne za a ba ka gimbiyar da gaske.

Ɗan Ƙofar Soro: Haba Malam! Ni da na ga ya dawo da ni farko na ɗauka ya ƙare ne, sai na kashe wayar na kwanta.

Autan Zaure: Innalillahi. Wato duk murnar nan rabin hanya ce?

Na Kusugu: Allah sarki Arthur, jarumin gem ɗin. Mu a nan Daura Bayajidda sau ɗaya ya sare kan macijiya a rijiya, gari ya waye aka ɗaura aure da sarauniya. Shi wannan bawan Allah sai an ce ya koma ya sake saro ta, kuma da gajeren wando.

Maman Sadiq: Gajeren wandon nan shi ya sa mahaifiyarmu ta tsani kaset ɗin. Ta leƙo falo ta ga ƙato da gemu yana tsalle-tsalle a maƙabarta ba riga, ta ce wannan ba wasan ɗan Musulmi ba ne, a cire. Yayana ya yi ta rantsuwa wai da sulkensa ya fito, buge shi aka yi ya zube. Ba ta saurare shi ba.

Autan Zaure: Anti, don Allah a yi mana bayani mu da muka taso a FIFA. Mene ne wahalar ciki? Na kalli bidiyonsa, tafiya ce kawai da tsalle da jifa.

Ticha Rafindadi: Auta, a ido haka yake. Kamfanin Capcom na Japan ne ya fitar da shi a 1985, kuma ba don gida aka fara yin sa ba, na injin da ake jefa wa sulalla ne a gidajen wasa. Wanda ya tsara shi sunansa Tokuro Fujiwara. A 1986 aka kawo shi Famicom, wato Nintendon da muka sani. Kai ne Arthur, an sace gimbiya Prin Prin a gabanka, ka bi sawu.

Wahalar ta taru ne daga ƙananan abubuwa. Ba ka da layin jini irin na gem ɗin yanzu. Taɓawa ɗaya sulke ya tarwatse, ta biyu ka zama ƙasusuwa. Ga agogo yana tafiya, idan ka tsaya jan jiki lokaci ya ƙare ka mutu a tsaye. Idan ka mutu kuma wuri biyu ne kawai ake tayar da kai, farkon mataki ko tsakiyarsa. Amma babban abin shi ne tsalle. A Mario kana sama kana iya ja da baya ko ka rage nisa. Arthur idan ƙafarsa ta bar ƙasa an gama, inda tsallen ya nufa can za ka sauka, ko da kana kallon abin da zai kashe ka yana jiranka a wurin. Kuma jifansa gaba ne da baya kawai, ba sama ba ƙasa, alhali rabin maƙiyan daga sama suke zuwa.

Baban Ummi: Ka manta da jan aljanin nan, Malam.

Ticha Rafindadi: Na bar maka shi, ai kai ya fi cuta.

Baban Ummi: Auta, tsakiyar matakin farko, ka wuce kaburbura da hankakin nan, sai ka hango wani jan abu mai fukafukai zaune a ƙasa abinsa, ko motsi ba ya yi. Red Arremer ke nan. Kana matsowa ya tashi. Ka jefa mashi, ya ɗaga sama mashin ya wuce ta ƙarƙashinsa. Ka yi tsalle ka jefa, ya sauko. Ya tsaya can saman kanka inda hannunka ba ya kai, yana lilo, kai kuma kana ƙasa kana juyawa hagu da dama, agogo na ci. Sai ya shammace ka ya zubo a karkace, sulke ya tafi. Kafin ka dawo hayyacinka ya zagayo ta baya. Sauran maƙiyan hanyarsu ɗaya ce, ka haddace ka wuce. Shi wannan kallon abin da kake yi yake. Dabararsa ita ce ka daina bin sa da jifa, ka bari sai ya taho ko ya sauka ƙasa ya fara takowa, sannan ka sakar masa. Faɗa da baki da sauƙi. Hannu yana gumi, yara sun cika bayanka kowa na ihun "ja baya, ja baya", ba za ka tuna da wata dabara ba. Kuma a kogon mataki na uku ba ɗaya ba ne, jere suke.

Shi ya sa nake cewa wanda ya danna sebin a gabansa, ya mutu ya dawo, ya mutu ya dawo har sa'a ta faɗo masa, bai ci Red Arremer ba. Gajiyar da shi ya yi da naci.

Ɗan Ƙofar Soro: To Yaya, ku da me kuka ci shi in ba naci ba? Ba mutuwa kuka yi ta yi kuna dawowa ba? Bambancin kawai ku sai kun sake tafiyar maƙabarta kafin ku iso wurinsa, ni kuma na tsallake tafiyar. Faɗan dai ɗaya ne.

Baban Ummi: Tafiyar ita ce gem ɗin, yaro. Ka iso gabansa da sulkenka a jiki, da wuƙa a hannu, wannan shi ne aikin. Kai ka ajiye kanka a ƙofarsa cikin shiri, ka ce faɗa ɗaya ne?

Na Kusugu: Maganar wuƙa ta tuna min. Babu abin da ya kai ɗaukar wutar nan ciwo. Kana tafe da wuƙarka mai sauri, ka yi tsalle, ashe tukunya ta fashe ta zubar da wuta daidai inda za ka sauka. Ka ɗauka ba da sonka ba. Ita kuma ba ta tafiya miƙe, lanƙwasa take ta faɗi gabanka kaɗan tana ci, kuma ba ka da damar yi ta jifa sai wadda ke ƙasa ta mutu. Sannan ko ka mutu ba ta rabuwa da kai, da ita za ka tashi.

Ticha Rafindadi: Ga wadda ta fi ta. Idan ka kai ƙarshen mataki na shida ba ka riƙe da garkuwa, ba za a bar ka ka shiga wurin Astaroth ba, mayar da kai za a yi mataki na biyar ka nemo ta. A na Japan ma ba garkuwa ba ce, kuros ne, da za a kai shi kasuwar waje aka canza hoton. Ita kuma garkuwar ba ta da nisan jifa. Wato makamin da aka tilasta maka shi ne wanda sai ka matsa jikin maƙiyi.

Maman Sadiq: Ni fa tambayata daban. Wannan duk gwaninta ake gwadawa ko mugunta ce kawai? Don abin da na gani, gawarwakin nan na farko daga ƙasa suke fitowa duk inda suka ga dama, wani lokaci ƙarƙashin ƙafarka. Wace gwaninta ce za ta hana wannan?

Ticha Rafindadi: Hajiya, kin taɓo inda kuɗin yake. Injin gidan wasa da sulalla yake ci, a Japan yen 100, a Amurka santi 25. Idan mutum ɗaya ya tsaya a kansa rabin awa da sulai guda, mai gida ya yi asara. Dole a yi shi yadda za ka mutu da wuri amma ka ji kamar saura kaɗan, ka sake laluben aljihu. Har wasu 'yan maɓallai ne a cikin injin da mai gida zai buɗe ya ƙara wahala ko ya rage rai. Da aka kawo gem ɗin gida ba a sauke masa wannan halin ba. Ga kuma wani dalili, kaset ɗin lokacin ba ya ɗaukar abu da yawa. Wanda ya ƙware zai ratsa matakan nan shida cikin ɗan lokaci. Da me za a sa mai saye ya ji kuɗinsa bai tafi a banza ba? A tsananta, sannan a ce ya maimaita.

Alhaji Mai Gidan Gem: Salamu alaikum. Ina ta karatu ina dariya. Malam ya yi gaskiya, amma ku ji ta bakin mai shago. Lokacin da ni ka riƙe gidan gem, mu ba sulalla a ka jefawa ba, yaro ya ba ka kuɗin wasansa ka miƙa mishi hannu, in ransa ya ƙare ya tashi na baya ya zauna. A lissafi wannan kaset ɗin ya kamata ya fi kowane kawo kuɗi, tunda kafin ka juya an mutu. Amma yaran Katsina ba wawaye ba ne. Sau ɗaya yaro zai gwada, ya ga kuɗinsa sun tahi tun bai gyara zama ba, gobe ya ce a sa mishi Contra. Da Sega ta shigo kuma kowa ya koma Mortal Kombat da ƙwallo. Kaset ɗin nan sai 'yan taurin kai, irin su Baban Ummi, da ka zuwa bayan La'asar su ce a ciro shi daga ƙasan kwali.

Baban Ummi: Ranka ya daɗe Alhaji, ai kai ne shaidata. Ka gaya musu ko na taɓa neman sauƙi.

Alhaji Mai Gidan Gem: Sauƙi ba ka nema ba. Bashi dai ka nema.

Autan Zaure: Alhaji ya gama da Yaya.

Na Kusugu: Ni fa ban yarda ma cewa shi ne ya fi kowane wahala ba. Ninja Gaiden fa? Na Tecmo, 1988. Tsuntsayen nan da ke jiran sai ka yi tsalle kan rami su buge ka, bugun ya tura ka baya ka faɗa. Ka kashe maƙiyi, ka ɗan ja baya taku ɗaya, ya sake fitowa a wurin. Sannan a babi na shida, idan manyan ƙarshe suka kashe ka, ba ƙofarsu za a ajiye ka ba, can farkon babin za a jefa ka, 6-1, ka sake ratso duk bala'in. Wannan ai ya fi zagaye biyu ciwo.

Ticha Rafindadi: Ninja Gaiden yana da zafi, amma jaruminsa Ryu yana jin magana. Kana da layin jini, takobi yana fita lokacin da ka danna, kuma kowane tsuntsu wurin fitowarsa ɗaya ne kullum. Wanda ya haddace zai iya wucewa a guje. Idan ka mutu a can ka san abin da ka yi. A Ghosts 'n Goblins na Nintendo kuwa, ba Capcom da kansu suka yi aikin mayar da shi kaset ba, wani kamfani ne Micronics, kuma aikin bai fita sumul ba. Tafiyar hoton tana ɗan karkarwa, abubuwa suna ƙyaftawa idan sun yi yawa. Injin ba ya iya nuna fiye da guntayen hoto takwas masu motsi a layi ɗaya, saura sai su riƙa ɓacewa suna dawowa. To wani lokaci abin da ya kashe ka ma ba ka gan shi sosai ba.

Maman Sadiq: Ku bar ni da Lion King na Sega. Gem ɗin yara wai. Mataki na biyu, birai suna jefa ka daga wannan zuwa wancan, ga jimina a guje. Ƙannena sun yi kuka da hawaye a kansa.

Na Kusugu: Da babur ɗin Battletoads a mataki na uku.

Shugaban Zaure: Jama'a, idan aka buɗe wannan ƙofar za mu kwana ana jero sunaye. Tambayar da ke gabanmu ita ce, wanda ya buga a waya da sebin, a ba shi ko kar a ba shi. An kusa kiran Magariba, a yi salla a dawo a ci gaba. Injiniya tun ɗazu yana rubutu yana gogewa, mun gani.

Injiniya Sabon Layi: Na dawo. Shugaba ya tona ni. Abin da ya sa nake gogewa, maganar ba za ta yi wa abokina Baban Ummi daɗi ba, amma ni na buɗe cikin injinan nan da sukundireba, na san abin da ke ciki.

Abin da akasarinmu muka buga a garin nan ba Nintendo na asali ba ne. Kwaikwayon Famicom ne da ake shigo da shi, mai kaset rawaya, wani ma da bindigar harbin agwagwa a kwalin. Talabijin ɗinmu a Najeriya tsarin PAL ne, hoto 50 a daƙiƙa. Japan da Amurka NTSC suke, hoto 60. Gem ɗin nan a kan 60 aka gina shi, kuma da hoton yake ƙirga komai, gudun Arthur, saukowar jan aljanin, har kiɗan. Idan ka sa shi a injin da ke fitar da 50, komai yana raguwa da kashi ɗaya cikin shida. Duk wanda ya taso da kiɗan maƙabartar nan a kunnensa, ya je ya saurari na asali yanzu, zai ji kamar an ƙara masa wuta. Ita kuwa emuleta a waya, in dai fayil ɗin na Amurka ne ko na Japan, a 60 take tafiya. Wato Red Arremer ɗin da yaron nan ya fuskanta ya fi wanda muka fuskanta sauri.

Ban gama ba. Hannun Nintendo na asali madanni biyu gare shi na wasa, A da B. Namu huɗu ne. Biyun na sama turbo ne, ka danne kawai yana ta jifa da kansa. Ɗan Japan da babban yatsansa yake bugun kowane mashi ɗaya bayan ɗaya. Mu dannewa muke mu bar injin ya yi. Ƙattin nan na cikin dogon gini a mataki na biyu, da ba sa faɗuwa da jifa ɗaya ko biyu, wa ya taɓa kashe su a nan ba da turbo ba? Sannan kaset ɗin da aka rubuta wa dubu-dubai a ɗaya, kowa ya san wasanni 'yan kaɗan ne ake ta maimaitawa, wannan ya fara daga mataki na uku, wancan ya ba ka rai da yawa, wancan ya fara ka da babbar bindiga. Shi ma ai sebin ne, wani ne ya yi maka tun daga masana'anta.

Shi kuma yaron nan a kan gilashi ya buga, ba madannin da yatsa zai ji. Ni na gwada, ko kaburburan farko ban wuce ba, yatsa yana zamewa daga tsalle ya koma jifa.

Ɗan Ƙofar Soro: Allah ya saka da alheri, Injiniya! Allah ya ƙara kasuwa! Yaya, ka ji ko?

Baban Ummi: Na ji, kuma ban musa ko ɗaya ba, Injiniya ya fi ni sanin cikin inji. Amma duk abin da ya lissafa sauƙi ne da muka tarar, ba mu muka zaɓa ba, ba mu ma san da shi ba. Kuma duk da turbo da rage gudu, idan na mutu na mutu. Kuɗin wasana sun tafi, na tashi daga benci, wanda ke bayana ya karɓi hannu, sai na sake bin layi ko sai gobe. Wannan tsoron shi ke sa hannu rawa a gaban rami. Gem ɗin an gina shi ne a kan cewa mutuwa tana da tsada. Ka cire tsadar, hotunan suna nan, kiɗan yana nan, amma abin da ake jin tsoro ya tafi. Ƙanena yana kwance a katifa, ya faɗa rami, ya taɓa gilashi ya dawo bakin ramin. Me ya rasa?

Ɗan Ƙofar Soro: Barci na rasa, Yaya. Da caji.

Maman Sadiq: Baban Ummi, a nan ina tare da kai rabi. Mu a gida muka buga, ba kuɗin da ke tafiya, amma akwai abin da ya fi kuɗi. Kaset ɗin ba ya ajiye komai. Ka kai mataki na huɗu, a ɗauke wuta, shi ke nan an koma maƙabarta. Ko adafta ta yi zafi har ba ta taɓuwa, mu ɗora ta a kan siminti muna yi mata fifita da murfin kwano. Ko wani ya wuce ya taɓa wayar, hoto ya daskare ya zama zane-zane, a ciro kaset a hura a mayar. Ƙarfe tara kuma Baba zai karɓi talabijin ya ji labarai, ko kana gaban waye. To wanda ya cinye a haka dole a sara masa.

Inda na rabu da kai, yanzu wa ke da wannan lokacin? Mai iyali da ya dawo daga kasuwa ya samu rabin awa, ka ce ko dai ya yi zagaye biyu a zama ɗaya ko kar ya taɓa? Ai sai gem ɗin ya mutu tare da ku.

Ticha Rafindadi: Su kansu masu abin sun sassauta. Nintendo da suka sa shi a cikin tsofaffin wasannin da ke injinsu na Switch, da sebin suka kawo shi, daga baya ma suka ƙara damar tariyo baya. Fujiwara kuma da ya dawo ya yi sabo a 2021, Ghosts 'n Goblins Resurrection, matakin wahala huɗu ya sa, daga na ɗan koyo har zuwa wanda ya fi tsanani. Tun kafin nan ma kowane sabo yana ɗan ba da wani abu. Ghouls 'n Ghosts na 1988 ya bar ka ka yi jifa sama da ƙasa, shi ne wanda ya zo Sega a 1989, kuma Yuji Naka da ya yi aikinsa shi ne ya zo ya yi Sonic. Na Super Nintendo a 1991 ya ƙara tsalle biyu. Amma ku lura, duka biyun ba su janye zagaye na biyu ba.

Baban Ummi: Yauwa Malam, ka faɗa da bakinka. Matakin wahala huɗu, kowanne da sunansa. Wanda ya cinye a na ɗan koyo ba zai zo zaure ya ce ya cinye a na manya ba. Ni ban hana kowa sebin ba. Ya yi abinsa ya ji daɗi, ya ga ƙarshen labari. Amma idan zai faɗa, ya faɗa da cikakken sunansa: na cinye da sebin. Kuma tsire na wanda ya cinye ne ba da shi ba.

Injiniya Sabon Layi: To kai ma daga yau ka riƙa faɗa da cikakken suna: na buga da turbo, a 50.

Na Kusugu: Tsaya ma. Baban Ummi, tun ɗazu kana ta hukunci. Kai ka taɓa yin zagaye biyun?

Baban Ummi: Na ga Astaroth da idona.

Na Kusugu: Ba abin da na tambaya ba ke nan.

Alhaji Mai Gidan Gem: Ni dai a shagona ban ga wanda ya yi biyu ba. Na farkon ma sai a yi wata ba a kai ba. Ranar da wani yaro daga Ƙofar Marusa ya kai, munka taru har da mai shayin waje, gem ya maido shi maƙabarta, yaro ya aje hannu ya fita bai ce ma kowa komi ba. Mu duka mun ɗauka kaset ɗin ne ya lalace, har na ciro shi na hura.

Autan Zaure: Wato shekara da shekaru ana yi mana gorin abin da ba wanda ya gama?

Baban Ummi: Auta, ka kiyaye ni.

Shugaban Zaure: To ga shawara, tunda baki ba zai raba ba. Injiniya, kana da inji mai aiki?

Injiniya Sabon Layi: Akwai ɗaya a shago, da talabijin mai ƙeya, tana kamawa sarai. Hannu ɗaya ne mai lafiya, ɗayan sai na canza masa roba. Kaset ne ban tabbatar ba, akwai kwali guda da zan zazzage gobe in gani.

Shugaban Zaure: Asabar bayan La'asar a shagon Injiniya. Baban Ummi da Ɗan Ƙofar Soro, inji ɗaya, hannu ɗaya, ba sebin. Wanda ya fi nisa shi ke da tsire, wanda ya faɗi shi zai saya.

Ɗan Ƙofar Soro: Na yarda, amma a liƙe turbo da salatif.

Baban Ummi: Ba za a liƙe ba. A yadda muka san shi za a buga.

Maman Sadiq: Ka ga mai cewa ba ya son sauƙi.

Ticha Rafindadi: A bar musu turbo su biyun, ai ba ya hana faɗawa rami. Abin da za a hana shi ne sirrin zaɓen mataki, don na Nintendo yana da shi, kuma na san akwai wanda ya haddace a zauren nan.

Na Kusugu: Zan shigo motar safe daga Daura. Idan kaset ɗin bai samu ba ku gaya min tun Juma'a, kar in yi asarar kuɗin mota. Ko in taho da Ninja Gaiden ɗina a gwada kowa a kansa.

Injiniya Sabon Layi: Taho da shi ko an samu. Sai dai maganar wuta, layinmu ba tabbas da yamma. Janareto akwai, mai ne babu. Wa zai kawo?

Alhaji Mai Gidan Gem: Baban Ummi ya kawo, a cire daga tsohon bashi.